Salansar Mai Awara

A Purbalingga kowa ya san ƙarfe.
Yaron da bai gama famfara ba
yana gane salansa da muryarta tun daga kwana.
Ni awara nake kaiwa,
akwati huɗu a bayan babur, kafin kiran assalatu,
sama, sama, zuwa ƙauyukan gindin dutsen Slamet.

Baburin ya girmi aurena.
In ya hango hawa sai tari ya kama shi,
in sauko da ƙafa ina taya shi,
ruwan awara na ɗiga a dunduniyata.

Sabuwar salansa tana rataye a shago,
kuɗinta cinikin wata guda.
Na shafa ta, na ga fuskata a jikinta,
na mayar da hannu aljihu.

Ranar Lahadi na kwance tsohuwar,
na zare hanjinta da filaya, na bar ta hoto.
Da na murɗa totur
kajin unguwa suka watse,
kwanon rufin Darmaji ya amsa.
Na ce yau na haifi damisa.

Ashe kura ce, ga tsoro ga ban tsoro.
Ihu har gonakin shinkafa,
amma a hawan farko ta durƙusa,
ta shanye mai kamar an huda tanki.
Jaririn Lasmini ya koyi farkawa ƙarfe huɗu,
uwarsa ta daina amsa gaisuwata.
Tsohuwa Ngatinem kuwa, ta taga,
kullum da kalar tsinuwar da take min guzuri.

Na tura shi wurin Wagiyo mai walda,
wanda kunnensa ɗaya ya mutu a sana'a.
Ya leƙa bututun kamar mai duba haƙori.
Ya ce: Ka taɓa hura wuta da baki a wangale?
Tsuke leɓe ake yi.
Iskar da ba ta da hanya ba ta tura komai.

Ya jawo guntun bututu daga tarin tsatsa,
ya ba ni ƙusa da guduma.
Huji sittin da uku na yi, na ƙirga,
biyu daga ciki a babban yatsana.
Audugar gilashi ta fi ƙarfina,
sai na sayo soson ƙarfe na wanke tukunya, guda shida,
muka naɗe, muka ɗaure da waya, muka cusa.
Ya ce zai ƙone wata rana.
Na ce ni ma haka.

Ya taɓa kafireta, juyi ɗaya da rabi.
Ya aike ni hawan bayan kasuwa sau uku,
kowane dawowa ya zare fulogi ya duba.
Na fari, baƙi ƙirin.
Na biyu, fari fat, ya girgiza kai.
Na uku, kalar shayi da madara.
Ya ce: Rufiya dubu tamanin, da awara goma,
soyayya.

Ban samu damisa ba.
Na samu murya ƙasa-ƙasa, mai kauri,
irin ta mutumin da ya san abin da zai faɗa.
A miƙaƙƙen titi yara na wuce ni suna dariya.
A hawa kuwa giya ta biyu ta isa,
ƙafata na kan mazauninta, a bushe.

Kwana uku ina ratsa unguwa kamar mage.
Lasmini ta aiko min da ayaba.

A na huɗu Ngatinem ta tare ni a hanya,
zani a karkace, ludayi a hannu.
Ta ce: Kai, ina ƙarar?
Kwana uku ina makara,
shinkafar sayarwata ba ta nuna kan lokaci.
Da tsinar da nake maka nake tashi.

Yanzu in na zo daidai tagarta
sai in kama kuloci,
in ɗan murɗa totur sau ɗaya, kaɗan,
daidai kunnen tsohuwa,
ƙasa da barcin jariri.